Babur na Ɗan Koyo da Babur na Gwani: Wanne Ya Dace da Hanyoyin Mashi?

A ƙasar Mashi, kamar sauran garuruwan shiyyar Daura, babur ya daɗe da fita daga sahun kayan ƙawa. Shi ke kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare, shi ke kai malamin firamare makarantar ƙauye, shi ke ɗauko buhun gero daga gona, kuma shi ne jarin ɗimbin matasan da ke kabu-kabu. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar mutum sama da dubu 170, kuma da yawansu ba a bakin kwaltar da ta taso daga Katsina ta nufi Daura suke zaune ba. Suna Doguru, Majigiri, Tamilo, Sonkaya, Gallu, Karau da ƙananan ƙauyukan da suka miƙe har iyakar Nijar, inda hanya kan zama rairayi da rani, ta zama taɓo da zaizaya da damina. Duk da haka, idan mutum ya tashi sayen babur, tambayoyi uku ne a bakinsa: yana da ƙarfi, yana gudu, nawa yake shan mai? Tambaya ta huɗu, wadda ta fi su nauyi, ba a cika yin ta ba: wa zai hau shi, kuma yaushe ya fara tuƙi? Hujjar wannan rubutu ita ce, babur ɗin da ya dace da ɗan koyo shi ne wanda zai iya sarrafawa a tafiyar hankali cikin yashi. Ƙarfin inji kuwa abu ne da ake hawa matakinsa sannu a hankali, bayan hannu ya faɗa.

Domin a ga cewa wannan magana tana da tushe, yana da kyau a leƙa wata gasar babura da ba a san ta sosai a ƙasar Hausa ba, wadda ake kira tirayal. A Birtaniya ta samo asali, kuma mafi daɗewar gasarta ita ce ta kwana shida da ake yi a duwatsun Sikotilan tun 1909. Gasar cin kofin duniya kuwa an fara ta a 1975. Abin da ya bambanta ta da sauran wasannin babur shi ne ba wanda ya riga isa ake ba kofi ba. Ana shata wani ɗan yanki mai duwatsu, ko kwazazzabo, ko gangare mai santsi, a ce wa mahayi ya ratsa shi ba tare da ya sa ƙafa a ƙasa ba. Ya dafa ƙasa sau ɗaya, a rubuta masa laifi ɗaya. Sau biyu, laifi biyu. Sau uku ko fiye, laifi uku. Idan ya faɗi ko ya fita daga shatin da aka yi, laifi biyar. Wanda ya tashi da mafi ƙarancin laifi shi ne zakara. Baburan wannan gasa nauyinsu bai wuce kimanin kilo 70 ba, ba su da wurin zama domin a tsaye ake tuƙa su, tankinsu ba ya cin lita uku, kuma ana rage iskar tayarsu sosai har ta riƙa lanƙwashewa tana kama dutse. Kamfanoni irin su Montesa da GasGas na Sifaniya da Beta na Italiya ne suka yi fice wajen ƙera su, kuma wani ɗan Sifaniya mai suna Toni Bou ya riƙe kambun duniya shekara da shekaru a jere tun daga 2007.

Abin da ya shafe mu a nan shi ne yadda mutanen wannan wasa suke zaɓar wa sabon shiga babur. Kamfanonin kan fitar da ƙira ɗaya da girman inji daban-daban, mai si-si 125, mai 250, mai 300, wasu har da mai 200. Ga ido kusan duk ɗaya suke, nauyinsu ma bai bambanta da yawa ba, amma shawarar da ta zama ruwan dare a ƙungiyoyinsu ita ce sabon shiga, kai har ma mai matsakaiciyar ƙwarewa da ke shiga gasar unguwa, ya bar wa gwanaye mai 300. Dalilin a fili yake: babban inji yana amsa totur da zafi. Gwani yana buƙatar wannan zafin domin ya haye dutsen da ya kai ƙirjinsa, amma a hannun ɗan koyo, ɗan murɗawa kaɗan ya isa tayar baya ta yi wulwul ko ta gaba ta tashi sama. Mai ƙaramin inji yana da damar yin kuskure ya gyara, kuma ta wannan gyare-gyaren ne yake koyon riƙe kuloci a tsaka-tsaki, da taka birki a hankali, da daidaita jikinsa. Idan mutanen da suka mayar da ratsa mummunar hanya sana'a sun yarda a kan haka, to mu da mummunar hanya ta zame wa dole a kullum mun fi su buƙatar wannan darasi. Ai ko a gidajen sarauta na Daura da Katsina, ba a fara ɗora yaro a kan ingarman da ake sukuwa da shi ranar hawan salla; ana fara masa da dokin da ya horu, wanda ba ya zabura don an ɗan taɓa shi da ƙaimi.

Da wannan ma'auni za a iya jera baburan da ke yawo a ƙasar Mashi gida uku. Na farko shi ne ƙaramin babur ɗin nan da ake kira roba-roba, wanda kamfanonin Sin irin su Lifan suka cika kasuwa da shi, mai inji kimanin si-si 110. Asalin ƙirarsa ta Honda Super Cub ce, wadda ta fito a Japan a 1958, kuma zuwa 2017 an ƙera guda miliyan 100, abin da babu wani abin hawa mai inji da ya kama ƙafarsa. Sirrin karɓuwarsa shi ne babu kulocin hannu: ana taka giya ne kawai a ba shi wuta. Ba shi da tsayi, ba shi da nauyi, kuma tsakiyarsa a buɗe take, mai babbar riga ko dattijo yana hawa ba tare da ya ɗaga ƙafa ya tsallake tanki ba. Ga wanda bai taɓa riƙe kan babur ba, wannan sauƙi ne babba, domin hankalinsa zai tattaru a kan hanya maimakon ya rabu tsakanin kuloci da totur. Sai dai yana da iyaka. Tayarsa siririya ce, tana nitsewa a rairayi mai zurfi. Cikinsa na kusa da ƙasa, yana gugar tudu a hanyar amalanke. Robobin jikinsa kuma ba sa jure faɗuwa. Ga malamin makaranta, ko ma'aikacin asibiti, ko ɗan tireda da zirga-zirgarsa ke cikin gari da kan kwalta, ya wadatar. Ga mai shiga ƙauye da kaya kullum, bai isa ba.

Gida na biyu shi ne na baburan aiki masu si-si 100, waɗanda Bajaj Boxer na Indiya ya zama jagoransu, sai takwarorinsa na TVS, su ma daga Indiya. Waɗannan suna da kulocin hannu da giya huɗu, doguwar kujera, kariya mai ƙwari, da ciki mai nisa da ƙasa. Nauyinsu ya ɗan haura kilo 100. Abin da ya sa suka dace da mai koyon da zai yi aikin ƙauye shi ne injinsu ba mai zabura ba ne: yana ja a hankali tun daga ƙasa, ba ya buƙatar a yi ta ƙure masa totur kafin ya tashi da kaya. A nan ne suka sha gaban tsohon Jincheng mai ƙirar Suzuki AX100, wanda ya yi tashe a zamanin da acaɓa ke kan ganiyarta. Injin Jincheng irin wanda ke ƙona baƙin mai tare da fetur ne, shi ya sa yake hayaƙi. Ba shi da nauyi, gyaransa na da sauƙi, amma ƙarfinsa a sama yake, sai ya yi ƙara sannan ya fizga, kuma ya fi shan mai. Kafin a cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 ana sayar da lita ƙasa da naira 200. Cikin 'yan kwanaki ta haura 500, daga baya ma ta wuce haka nesa. Tun daga lokacin, bambancin shan mai tsakanin babur da babur ya zama bambanci tsakanin ɗan kabu-kabun da zai cika balas ya koma gida da cefane da wanda zai koma hannu rabbana.

Gida na uku shi ne na masu si-si 125 zuwa 150: Honda Ace da kamfanin Honda ya fara fitarwa a Najeriya a 2011 daga masana'antarsa ta Ota a Jihar Ogun, da Haojue, da babban Boxer mai 150, da makamantansu. Waɗannan babura ne nagari, kuma babu mai musun haka. Tun a 1975 Honda ta ƙera CG125 musamman domin ƙasashe irin namu, bayan injiniyoyinta sun lura cewa mutane na jibga wa babur kaya fiye da ƙima kuma ba sa canza baƙin mai a kan lokaci. Yawancin injunan da Sin ke kwaikwayo har yau jikokin wannan ƙira ne. Mai tafiyar nesa, kamar wanda ke zuwa kasuwar Mai'aduwa ranar Lahadi ya dawo da kaya, ko mai bin kwaltar Katsina kullum da goyo, zai ji daɗin ƙarin ƙarfin, domin injin ba ya wahala. Amma ƙarfin da ke hutar da gwani shi ne ke kayar da ɗan koyo. Babur ɗin ya fi nauyi, idan ya karkata a yashi ƙafa ɗaya ba ta tare shi, idan ya danne mutum salansa mai zafi na jiran ƙwauri. Ga shi kuma yana kai mutum gudun da idonsa da hannunsa ba su saba da shi ba tukuna.

A duba abin da ke faruwa idan aka baro burji aka faɗa rairayi, wurin da mafi yawan masu koyo ke shan ƙasa. Tayar gaba na shiga yashi sai kan babur ya fara rawa. Ɗan koyo ya tsorata, ya saki totur gaba ɗaya, ya damƙe birkin hannu. Nan take nauyi ya koma gaba, tayar ta ƙara nitsewa, kan ya murɗe, sai ƙasa. Wani kuma tsoron ne ke sa shi ƙure totur, tayar baya ta tona rami ko ta watsa gefe. Gwani yana rage gudu tun kafin ya shiga, ya sauko giya ta biyu, ya ja jikinsa baya kaɗan, ya sassauta riƙon kai ya bar shi ya yi 'yar rawarsa, ya riƙe wuta daidai ba ƙari ba ragi, idonsa a can inda zai fita, ba a kan tayar gaba ba. Idan zai rage gudu, birkin ƙafa yake taɓawa a hankali. Duk wannan aikin hannu ne da natsuwa, kuma babu ko ɗaya a ciki da ke buƙatar si-si 150. Bambancin kawai shi ne, a kan ƙaramin inji kuskuren totur kan ƙare da sa ƙafa a ƙasa, a kan babba kuma yakan ƙare a wurin mai ɗori.

Za a ce, kuma da gaskiyar mai faɗa, talaka babur ɗaya yake saye. Bature na iya sayen ƙarami bana ya canza babba baɗi, amma wanda ya sayar da tumakinsa ko amfanin gonarsa ya haɗa kuɗin babur, ko wanda aka ba shi a kan biya sannu-sannu, ba shi da wannan gata; gara ya sayi wanda zai daɗe yana mora. Amsar ita ce wannan hujja ta fi goyon bayan mai si-si 100 a kan mai 150. Babur na aiki mai matsakaicin inji ba abin da ake girma a bari ba ne: dubban gwanayen kabu-kabu a kansa suka koya kuma a kansa suke ci da iyalinsu har yau. Kayan gyaransa, daga filogi da sarƙa zuwa fistin da ringi, suna ko'ina, kowane bakanike ya san cikinsa, kuma idan aka tashi sayar da shi ba ya kwana a kasuwa. Wanda kuwa ya sa duk jarinsa a babban babur ya faɗi da shi a watan farko, ya haɗa asara biyu, kuɗin gyara da kuɗin jinya, ga kwanakin da zai yi a kwance babu shiga. Abin da aka rage tsakanin farashin biyun ya fi amfani idan aka sa shi a taya mai kyau, da birki, da hular kwano.

Wasu kuma za su ce ƙarfi kariya ne: da shi ake wuce babbar mota a kan kwalta, da shi ake fita daga yashi da buhu biyu a baya. Game da kwalta, lissafi ne ke ba da amsa. Mai gudun kilomita 60 a awa yana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa, mai gudun 80 kuma kusan mita 22, tun kafin hannunsa ya kai ga birki. Bayan an taka birki, nisan tsayawa ba ya ƙaruwa daidai da gudu, ninkawa yake yi: idan gudu ya ninka biyu, nisan tsayawa ya ninka huɗu. A hanyar da akuya ko yaro ko amalanke ke iya fitowa daga bayan shinge babu sallama, kuma a kan baburan da yawancinsu birkin ganga ne da su gaba da baya, ƙarin gudu ba kariya ba ne ga wanda bai iya birki ba. Game da kaya kuwa, buhu biyu na hatsi sun kusa ninka nauyin babur ɗin kansa, kuma idan aka ɗaure su a kariya tayar gaba kan yi sakayau har kai ya daina jin magana. Babban inji zai ja kayan, amma ba zai mayar da tayar gaba ƙasa ba. Wannan aikin gwani ne, shi ma da dabarar raba kaya tsakanin tanki da kujera. Ɗan koyo ba shi da hurumi a ciki ko wane irin babur ya hau. Haka batun goyon mutum uku, wanda dokar tsaron da Gwamna Aminu Bello Masari ya sa wa hannu a 2021 ta taɓa hanawa a Jihar Katsina, alhali ko babu doka nauyin kansa ya isa dalili.

Akwai kuma masu cewa ai da faɗuwa ake gwanancewa, kuma abin da Allah ya ƙaddara babu makawa. Babu musulmin da ke jayayya da ƙaddara, amma addinin da ya koyar da ita shi ya hana mutum jefa kansa cikin halaka, ya kuma ɗora wa uba alhakin abin da ya damƙa wa ɗansa. Ƙasashen da suka rage mace-macen babur ba su bar abin ga sa'a ba. A Birtaniya mai shekara 17 ba ya hawa abin da ya wuce si-si 125, sai ya kai 19 a ba shi matsakaici, babba kuwa sai ya kai 24, ko 21 idan ya yi shekara biyu a kan matsakaicin. A Najeriya doka ta tanadi lasisin tuƙin babur kuma ta sa shekara 18, amma kowa ya san yara nawa ne ke yawo da babura a ƙauyuka ƙafarsu ba ta ko kai ƙasa. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta sa hular kwano ranar 1 ga Janairun 2009, har aka ga wasu 'yan acaɓa sun kifa ƙwarya a ka don kauce wa kamu, abin ya zama na dariya, daga baya dokar ta yi sanyi. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ce mutum kusan miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya duk shekara, kuma hular kwano mai kyau, idan an ɗaure ta daidai, tana rage haɗarin mutuwa fiye da sau shida. Faɗuwar da ke koyar da mutum ita ce wadda ya tashi ya kakkaɓe rigarsa, kuma irin wannan a tafiyar hankali kan ƙaramin babur ake yin ta.

Saura batun matasa, waɗanda jininsu ke tafasa kuma ba za a hana su son nuna bajinta ba. A yau bajintar babur a garuruwanmu ita ce gudu da ɗaga tayar gaba a rakiyar amarya ko ranar salla, a tsakiyar jama'a, kuma an sha mayar da gidan biki gidan makoki ta wannan hanya. Gasar tirayal ta nuna cewa akwai wata bajintar da ta fi wannan wuya. A samu fili a bayan gari, a jera tsofaffin tayoyi da duwatsu, a shata hanya mai lanƙwasa cikin yashi, a ce wanda ya ratsa bai sa ƙafa a ƙasa ba shi ne gwani. Ba a buƙatar babur na musamman. Boxer da roba-roba sun isa. Ƙungiyoyin 'yan kabu-kabu na Mashi da Dutsi da Mani da Daura suna da shugabanni da tasha da rajistar mambobi, don haka suna iya mayar da irin wannan gwaji sharaɗin ba sabon shiga damar ɗaukar fasinja. Wanda ya iya tafiya a hankali bai faɗi ba zai iya gudu duk ranar da ya so, amma mai gudu da yawa ba su iya tafiyar hankali ba.

Saboda haka, uban da zai saya wa ɗansa babur, da matashin da ya tara kuɗinsa, da mai ba da babur a kan balas, su fara da auna mahayin kafin su auna injin. A zaunar da shi a kai a ga ko tafin ƙafafunsa biyu sun taka ƙasa. A kwantar da babur ɗin a ga ko zai iya tayar da shi shi kaɗai. A sa shi ya yi kwana a ƙaramin fili cikin giya ta ɗaya, ya tsaya cak inda aka nuna masa. Idan na hannu ne za a saya, a tafi da bakaniken da aka yarda da shi ya duba birki da taya da sarƙa da takardu tun kafin a yi ciniki. Mai zirga-zirgar cikin gari ya ɗauki roba-roba, mai aikin ƙauye ya ɗauki na si-si 100, a bar 125 da 150 ga wanda ya ga rani ya ga damina a kan hanya. Kuma kada a miƙa wa kowa makulli sai an haɗa masa da hular kwano.